Gurbin da Ake Kira Ayashe

A Tungar Ƙirya, can ƙasar Ngaski a bakin ruwan Kainji, in ka tari masunci ya dawo jirginsa na neman nutsewa don nauyin kifi, ka ce masa yaya ruwa, abin da zai ce maka shi ne, "Wahala dai." Ba rowa ba ce, kuma su ba su ɗauke ta ƙarya ba. Haka suka tashi suka tarar. Abin da kake so ba ka yabonsa a gaban baƙo, don sun yarda baki na kashe abu.

Kun san dai yadda mace mai wabi take yi, baiwar Allah wadda 'ya'yanta ke mutuwa tun suna goye. In ta samu wani sai ta laƙa masa suna mai muni, Ajuji ko Ayashe, wai don mutuwa ta ga ba wanda ya damu da shi ta wuce abinta. To, haka tsofaffin tungar suka yi wa ruwansu. Da aka datse kogi ruwa ya haɗiye tsohon garinsu, sun sha yunwa kafin su gano wani gurbi mai zurfi a bayan tsibiri, daidai inda tsohon kogin ya ratsa ta cikin duwatsu. Can manyan kifaye irin su giwan ruwa da yauni da ragon ruwa ke taruwa su yi ƙwai in farin ruwa ya taso da damina. Suka sa masa suna Ayashe. Da damina ba mai jefa raga a ciki, da rani su ci abinsu sannu sannu, kuma duk kifin da ake kamawa a kewayen nan daga cikinsa ya fito.

A gaban tsibirin kuma akwai wani shimfiɗaɗɗen ruwa mai farin yashi, kyakkyawa kamar a ɗauke shi hoto, ba komai a ciki sai inuwar gajimare. Wannan suka kira Gimbiya. Duk baƙon masuncin da ya sauka ya tambayi inda kifi yake, sai a dama masa fura, a raka shi Gimbiya da addu'a. Ya wuni, ya gaji, ya naɗe ragarsa ya yi gaba.

Sarkin Ruwan tungar, Mamman, ya tsufa, yanar ido ta rufe masa gani, kuma Allah bai ba shi ɗa namiji ba. Idonsa da bakinsa shi ne Cindo, mijin 'yarsa Asabe. Cindo asalinsa mutumin Shanga ne, ya zo kamun kifi yana saurayi, shi ma Gimbiya aka fara raka shi. Sai da ya yi aure, aka yi sunan ɗansa na fari Nura, sannan Mamman ya ɗauke shi a jirgi ya kai shi bayan tsibiri ya ce ya leƙa. Tun daga ranar Cindo bai ƙara sha'awar wani ruwa ba. Shi ke korar masu satar jefa raga da damina, shi ke nutso ya ciro tsofaffin ƙugiyoyin da suka maƙale a duwatsu. Kowa ya san Mamman na kwanta dama riƙon Ayashe hannunsa zai koma. Maikuɗi ma ya sani, ɗan ƙanen Mamman, haifaffen tungar, kuma shi ya fi kowa ƙarfin dariya in Cindo ya yi barkwanci.

Ana nan wani rani sai ga wata yarinya daga Yelwa a jirgin kasuwa, sunanta Nusaiba, ma'aikaciyar hukuma, ta ɗora rigar nan mai hana nutsewa a kan hijabinta. Aka tara maza a gindin ƙirya ta fara bayani a tsaye, har sai da Mamman ya ce a ba ɗiyar mutane kujera.

Ta ce wani kamfani ya samu izinin haƙar zinariya a ƙarƙashin ruwan, da wani ƙaton jirgi mai bututu da ke zuƙo laka da tsakuwa daga ƙasa. Amma kafin ya fara, an ce a keɓe wuraren da kifi ke ƙwai, a kewaye su da alama. Abin da ya kawo ta ke nan.

"Duk inda aka keɓe, injinsu ba zai taɓa shiga ba," in ji ta.

"Raga hwa?" in ji Maikuɗi.

"Raga ma ba za ta shiga tsakiya ba. Amma kifin da aka ƙyanƙyashe a ciki ai fitowa zai yi, ku kama a waje."

Ba wanda ya ji rabin maganar na ƙarshe. Asabe ta zo ta ja baƙuwa cikin gida ta yi salla, maza suka matso kusa da tabarmar Mamman.

"Mi kunka ji?" in ji tsohon.

"Mun ji za a ɗauke muna tukunyar tuwo a rataye inda hannu ba shi kaiwa," in ji Maikuɗi. "Rani da damina. Ɗiyanmu su ci alama."

Cindo ya ce, "Ta dai ce inji ba shi shiga."

Maikuɗi ya ce, "Inji mi shi ka nema bayan tsibirinmu? Zinariya ai a tudu take, kowa ya sani. Kuma ruwan ga mutum na wuni bai ƙetare shi ba. Sai su bar shi duka su zo kan ɗan gurbinmu?"

Aka yi ta gyaɗa kai. Wallahi ba wanda ya ce a'a, har liman. Mamman ya lalubo gwiwar Cindo ya dafa.

"Kai ka iya baki. Gobe ka kai ta Gimbiya."

Cindo ya yi dariya ya ce an gama. Kuma ya ji daɗi, Allah sarki, don a gaban kowa aka zaɓe shi.

Da safe suka fita, Maikuɗi na riƙe da inji, Cindo a gaba, Nusaiba a tsakiya ta damƙe katakon zama da hannu biyu, don ta ce ita ruwan Yelwa daga gaɓa ta san shi. Ta nemi izini ta kunna wayarta ta ɗauki maganarsu, don kada ta manta wani abu. Cindo ya gyara murya kamar mai shiga rediyo.

Ai kuwa ya zuba. Ya nuna mata Gimbiya ya ce nan uwar kifi ke haihuwa. Ya ce da damina in ka sa ƙafa sai ka taka ƙwai. Ya ce akwai wani giwan ruwa a nan da ya girmi Maikuɗi, kuma ya fi shi hankali. Nusaiba na dariya tana danna waya, tana sa alamar wurin.

"Ni ba ni da na'urar ganin ƙasan ruwa, Baba Cindo," in ji ta. "Na roƙa an ce babu. Ku ne idona."

"Kin samu ido, ɗiyata."

A hanyar dawowa ta ce su zagaya ta bayan tsibiri, tana son ta ga ko'ina. Maikuɗi ya ƙara wuta don su wuce da sauri, ta ce don Allah ya rage. Ruwan wurin baƙi ne, a kwance, wani sanyi na tasowa daga cikinsa. Suna tsakiya sai wani abu ya juya a ƙarƙashin jirgin, mai faɗi kamar ƙyauren ɗaki, ya bar zobe a kan ruwa.

"Mene ne wancan?"

"Matafiyi na," in ji Cindo. "Gimbiya za shi."

"Nan fa yaya sunansa?"

"Ayashe."

Ta maimaita sunan, ta yi murmushi. Sannan ta juyo gaba ɗaya ta fuskance shi, har jirgin ya ɗan karkata.

"Baba Cindo, bari in faɗa maka gaskiya. Ba za su ba ni wurare da yawa ba. In na yi sa'a, ɗaya za su bar mini a yankin nan. Duk inda ban sa wa alama ba, gobe ba ni da bakin magana a kansa. In akwai wani wuri da ya fi Gimbiya, yanzu ne lokacin faɗa."

Cindo ya dubi baƙin ruwan. Saura kaɗan ya faɗa mata. A baya Maikuɗi ya yi tari, ya tofar.

"Tsakaninka da Allah, nan ba komai?" in ji ta.

Bai yi rantsuwa ba, ya san abin da yake yi. Cewa ya yi, "Ke dai kin ji sunanai. Mu da kanmu munka ce a yashe shi. Ruwan banza na, duwatsu ɗai, su ka yaga raga."

Ta ce to, ta kashe wayar.

Jirgin kasuwa na juyawa da ita tunga ta kwashe da dariya. Aka sa Cindo ya maimaita labarin giwan ruwa har muryarsa ta dishe. Asabe ta yi masa farfesun kan kifi, ta ajiye a gabansa ta ce, "Baban Nura, ashe da ɗan siyasa nike zaune ban sani ba." Mamman ya sa masa albarka. Da aka zo aka kewaye Gimbiya da wasu manyan jarkoki masu ruwan ɗorawa, ɗaure da sarƙa, mata har leƙowa suke yi su ga yadda ake gadin inuwar gajimare. Aka ɗauki samarin tungar aikin gadin, har da Nura, Maikuɗi ne shugabansu, da riga da hula da usur.

Damina na gabatowa, wata safiya aka ji ruri daga kudu. Ƙaton jirgin ne tafe, wasu ƙanana na jansa, bututunsa a naɗe a baya kamar mesa ta ci ta ƙoshi. Mutane suka tsaya a gaɓa suna jiran ya wuce. Ya zagaya tsibiri, ya rage gudu, ya saki ƙarafunansa a tsakiyar Ayashe.

Abin da ba wanda ya kawo a ransa, kun gani, shi ne zinariya nauyi gare ta. Kogi na tafe da ita sai ta faɗa inda ya fi zurfi, ta kwanta tsakanin duwatsu. Wurin da kifi ya zaɓa, nan ita ma ta zaɓa tun kafin a haifi kakan kowa.

Ba su fara zuƙa ba tukuna, ana ta haɗa bututu. Cindo ya bi jirgin farko zuwa Yelwa, ya yi ta tambaya har ya samu ofishin. Nusaiba ta tashi da murna ta ba shi kujera, ta tambayi Asabe da Baba Sarki. Ya kasa zama. Ya tsuguna a gaban teburinta ya faɗa mata duka, bai rage komai ba.

Fanka na ta juyi a sama.

"Ka san abin da na yi a kan Gimbiya?" in ji ta. "Duka biyun suka nema, Gimbiya don yashi, Ayashe don zinariya. Aka ce in zaɓi ɗaya, kuma a lokacin doka na bayana, duk wanda na nuna za a bar mini. Na yi faɗa da mutanen da suka girmi babana. An kira ni mara kunya a gaban taro. Na kunna musu muryarka, na ce ga abin da masu ruwan suka faɗa. Da na ci, a ɗakin nan na yi sujada."

"Ɗiyata, a musanya."

"Ba goro ba ne, Baba. An sa hannu."

"To ki ce ni na yi ƙarya. A ɗaure ni."

"Ɗaurinka ba zai ɗaga jirgi ba." Ta share fuska da gefen hijabi. "Hanya ɗaya ta rage. Kafin su kunna inji dole wakilinsu ya je ya ji ko gari na da ƙorafi. In Sarkin Ruwa da bakinsa ya faɗa a gaban shaidu cewa nan ne kifi ke ƙwai, zan iya neman a dakatar a sake dubawa. Aikina zai iya tafiya a kai, na yarda. Amma ba maganarka ba, Baba Cindo. Taka ta ƙare."

Ya dawo ya tarar da Mamman a inuwar ɗakinsa yana laluben wata tsohuwar raga, yana ɗinke ta da yatsu kawai. Ya zauna ya yi masa bayani dalla dalla, ya maimaita.

"Kalma guda, Baba. Su tambaye ka, ka ce awo, akwai."

"Gaban baƙi?"

"Gaban baƙi."

Tsohon ya ciji zare ya tsinke. "Na ji," in ji shi. Cindo ya ɗauka amincewa ce, ya tashi da ɗan ƙarfinsa.

Ranar taro wakilin kamfanin ya iso da mutanensa da shaidu daga birni, Nusaiba na bayansu. Sunansa Lukman, fari mai fara'a, yana ta ƙanshin turare. Ya cire takalmi ya tsuguna ya gaida Mamman, ya gaida liman, ya tambayi mata da yara. Sannan ya ce su ba su zo cutar kowa ba, duk mai magana ya faɗi.

Cindo ya miƙe. Tun da aka sa wa gurbin nan suna ba a taɓa faɗin alherinsa da ƙarfi a gaban baƙo ba, sai ranar. Ya faɗi yadda yauni ke tara ciyawa ya yi gida a lungun duwatsu. Ya faɗi yadda giwan ruwa ke tahowa daga nesa in farin ruwa ya taso, manya, wasu sun fi mutum tsawo. Ya ce akwai lokacin da in ka ɗebi ruwan a ƙwarya sai ka ga ya yi baƙi don 'ya'yan kifi, kamar an watsa gero. Ya ce tungar nan duka, da ɗakunanta da masallacinta da auren 'ya'yanta, daga ramin nan ta fito. Wallahi bai taɓa magana mai daɗi irin ta ranar ba. Mata a bayan danga suka riƙe baki. Wata tsohuwa ta yi ta tofi gefe da gefe tana neman tsari.

"Malam Cindo, ka iya magana," in ji Lukman. "Da ma an gaya mini."

Ya karɓi wata 'yar sifika daga hannun wani, ya danna waya. Muryar Cindo ta cika gindin ƙirya, tana yabon Gimbiya, tana cewa in ka sa ƙafa sai ka taka ƙwai. Sannan ta ce Ayashe ruwan banza na, duwatsu ɗai. Mutanen kamfani suka yi dariya. Wasu samarin tungar ma suka taya su.

"To wane Cindo za mu ɗauka, na rani ko na damina?"

"Na yanzu," in ji Cindo.

"Madalla. To na rani wa ya aike shi? Ina tambaya ne don in gari ne ya haɗa baki ya yaudari hukuma, magana ce babba, ta fi ƙarfina. Aikin gadin nan ma sai an sake duba shi. In kuwa mutum ɗaya ne ya yi gaban kansa, sai mu ce Allah ya shirye shi, mu wuce."

Liman ya sunkuya yana kallon tasbaharsa kamar yau ya fara ganinta. Maikuɗi ya gyara hular gadi ya tashi.

"Mu dai ba mu aike shi ba. Ni inji nike riƙe da shi, ƙara ba ta bari na ji komi ba. Kuma ranka ya daɗe, mutumin Shanga na, zuwa ya yi. Bai san ruwan ga kamar mu ba."

Cindo ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya duba sai ya ga yana kallon ƙasa ko kallon ruwa.

Nusaiba ta ratso ta durƙusa a gaban tabarmar Mamman.

"Baba Sarki, kai muke jira. Ayashe, kifi na ƙwai a ciki ko ba ya yi?"

Ku dubi tsohon nan da idon rahama. Ba ya ganin kowa, sai muryoyin da bai sani ba, da yawa, da ƙanshin turare, da ƙarar wayoyi ana ɗaukarsa hoto. Tun ranar da mahaifinsa ya nuna masa gurbin, yabonsa bai taɓa fita bakinsa ba ko a cikin ɗakinsa. Kuma ya yi imani har zuci wannan shirun ne ya raya shi. Yanzu ga baƙi sun cika gari, duk idonsu a kan abin da ya fi so.

Cindo ya rarrafo ya kama ƙafarsa. "Baba, hwaɗi. Don Allah hwaɗi. Yau sai an yabe shi za shi tsira."

Mamman ya ɗago kai. Sannan ya yi abin da mai wabi ke yi in ta ji mutuwa a ƙofar ɗaki.

"Ayashe?" in ji shi, har da ɗan tsaki. "Wa ka son Ayashe? Ruwan banza na. Ba komi cikinai."

"Baba, ka fahimci tambayar?" in ji Nusaiba. "In ka ce babu, kunna inji za su yi."

"Na ce ba komi. Ku tahi ku bar shi, ba shi da wani amfani gare ku."

Ya koma ya jingina da itacen, yana numfashi kamar wanda ya sauke kaya. Shi a ransa ya kore su ke nan. Lukman ya yi godiya, ya sa takalmi, ya ce Allah ya ƙara wa Sarki lafiya. Nusaiba ta tashi ta karkaɗe gwiwoyinta ta nufi jirgi, ba ta dubi Cindo ba.

Farin ruwa na tasowa suka kunna. Ƙarar ta hana kaji sakewa, ruwan bayan tsibiri ya koma kamar kunun kanwa, ya yi ta yaɗuwa har gaɓa. Ba a jima ba kifi ya fara tasowa ciki a sama. Manya, irin waɗanda samari ba su taɓa gani ba sai a bakin tsofaffi, cikkunansu a kumbure. Tunga ta fita kaf, da jirage da kwanoni da zannuwa. Hayaƙin banda ya turnuƙe gari, 'yan kasuwa suka zo daga Yelwa da Wara, aka ci har aka gaji, yara suka yi ƙyalli. Ƙwan da ake fasowa daga cikin kifin ya yi yawa, aka riƙa zubarwa a bayan danga, karnuka da kaji suka ci suka bari. Cindo kaɗai bai fita ba. Asabe ta fita, don ta ce wanda ya mutu ya riga ya mutu, ba ta barin rabonta ga angulu.

Sannan abin ya tsaya. Raga ta riƙa fitowa da laka.

Da yunwa ta fara leƙowa, Mamman ya sa aka kira Cindo gindin ƙirya, maza duk suna zaune.

"Tun zamanin babana ba a taɓa yabon shi ba, kuma yana raye," in ji tsohon. "An yi fari, an yi ambaliya, baƙi sun zo sun tahi, yana raye. Kai ka tashi gaban mutanen duniya ka kware shi, ka hwaɗi ɗiyanai ɗaya ɗaya. Ni na yi ƙoƙarin rufewa, amma ka riga ka buɗe."

"Baba, jirgin ya riga ya sauka kamin in yi magana."

"Ya sauka, amma bai kunna ba."

Aka yi ta gyaɗa kai, irin gyaɗawar nan dai. Wannan bayanin ya yi wa kowa daɗi, don ba sunan kowa a ciki sai na mutum ɗaya.

"Kai ka ce in kai ta Gimbiya," in ji Cindo a hankali.

"Na ce ka kai ta Gimbiya. Ban ce ka yi yabo ba."

A nan take Mamman ya ce ya gaji, riƙon ruwa ya koma hannun Maikuɗi. Liman ya yi addu'a aka shafa. Sannan Maikuɗi ya gyara murya ya ce shi ba ya son fitina a zamaninsa, zukata sun yi zafi, gara Cindo ya je Shanga ya gano 'yan uwa har abubuwa su lafa. Ba wanda ya ce yaushe za su lafa.

Da hantsi ya ɗaure 'yan tsummokaransa da ragarsa ya sa a ƙaramin jirginsa. Gaɓa ba kowa, duk da ana jin motsin mutane a bayan danga. Yana shirin turawa sai ga Asabe tana gangarowa. Ya yi sauri ya jawo ƙullin kayan gefe, ya share katakon tsakiya da hannun rigarsa.

"Na gyara miki wuri."

Ta tsaya inda ruwa bai kai ƙafarta ba. Ba kaya a kanta.

"Filafilin Baba na zo karɓa. Ya ce na gado na, ba shi barin tunga."

Cindo ya dubi filafilin da ke hannunsa, wanda ya sha tuƙi da shi har wurin riƙon ya lotsa daidai tafinsa. Ya miƙa mata.

"Da mi zan tuƙa?"

Ta waiga, ta ga wani ɓallen katako da ruwa ya turo, ta tura masa da ƙafa.

"Nura hwa?"

"Yana wurin aiki. Ba su barin mutum shi tashi."

Ta juya ta hau tudu da filafilin a kafaɗa. Ya ɗauki katakon ya tura jirgi.

Hanyar Shanga ta bayan tsibiri take. Da katako jirgi ba ya miƙewa, sai ya yi ta karkacewa, ruwa ya riƙa jansa wajen ƙaton jirgin. Ma'aikata na zaune a sama suna karin kumallo, ƙafafu a rataye. Ɗaya ya hango shi, ya ajiye kofinsa, ya haɗa hannu a baki don ƙarar inji.

"Baba, matsa can. Nan ba hanya ba ce."

Cindo ya ɗaga masa hannu alamar ya ji, ya sa katakon a ruwa ya matsa.